Sallama Biyu a Ƙasar Holan

Wautar farko da na tafka a ƙasar Holan ita ce zura kaina cikin akwatin da ake renon ƙwayoyin halitta. Ba zan ce tsautsayi ba ne, da hankalina na yi. Akwatin kamar firij yake, sai dai shi ɗumi yake riƙewa, ɗumin jikin mutum daidai, da ɗan laima. Ni kuwa tun da na sauka daga jirgi ban ƙara jin yatsun ƙafata ba, har na fara zargin a Kano na manta su. Ranar da ake zagayawa da mu ɗakin gwaje-gwaje aka buɗe akwatin nan a gabana, iskar da ta bugi fuskata ta Gumel ce sak, Gumel ta farkon damina, lokacin da hadari ya haɗu ya ƙi zuba.

Da kowa ya fita cin abincin rana sai na lallaɓa na dawo, na buɗe, na sa kai har wuya, na lumshe ido. Ban san akwatin yana da baki ba. Ya ɓarke da kuka kamar akuyar da aka sayar da 'yarta a kasuwar Maigatari.

Wanda ya fara shigowa wani ɗalibi ne mai neman digirin dokta, sunansa Danyel, dogo ne har sai idonka ya huta a hanya kafin ya kai fuskarsa. Ya janye ni, ya rufe akwatin, ya danna wani abu kukan ya tsaya. Da mai kula da ɗakin ta shigo a fusace, sai ya ce shi ne ya bar ƙofar a buɗe. Washegari ya kawo mini wata tsohuwar rigar sanyinsa, hannuwanta suna lilo har gwiwata. Daga ranar na naɗa shi yayana. Shi bai san an naɗa shi ba.

Sunana Kamilu, ɗan Sule Tankarkar ne ni, a Gumel na yi sakandare. A gida Rediyo ake ce mini, don an ce ko an cire mini batir sai na ƙarasa labari. Lissafi ne kaɗai yake sa ni shiru. Malaminmu na lissafi, Malam Sa'idu, shi ya sa ni na zauna jarrabawar wata gidauniya da ke ɗaukar matasa tana kai su ɗakunan bincike a ƙasashen waje, a gwada su daga hunturu zuwa bazara. Mu biyu aka kai wannan ɗaki, ni da wata yarinya 'yar Birazil mai suna Lusiya, kujera kuma ɗaya ce. Wanda Farfesa, shugabar ɗakin, ta zaɓa zai zauna ya yi digiri a kan kuɗin gidauniyar. Ɗayan a yi masa godiya, a nuna masa hanyar filin jirgi.

Kafin in taho, babu teburin mai shayin da ban tsaya na sanar ba cewa ba zan dawo ba sai ana ce mini Dokta. Babana manomin gero da riɗi ne, ba ya son yawan magana, ina jin duka rabonsa ni aka ba. Abin da ya ce mini kaɗan ne:

"Kai bakinka ba ya rufuwa. Can ba gidanku ba ne. Malaminka ubanka ne. Ba ka katse shi, ba ka musa masa, ba ka zuba masa ido."

Na ce to. Wannan to ɗin ita na ɗauka na tafi da ita, ta fi jakata nauyi.

Ɗakin da aka kama mini a can ƙarƙashin rufin wani gida yake, rufin a karkace, in na miƙe tsaye sai na gaisa da katako. Rana a ƙasar nan kamar baƙuwar da aka yi wa dole take, ta leƙo a makare ta koma da wuri. Ruwan sama kuwa ba zuba yake ba, zama yake a iska yana jiranka. Abincin rana burodi ne da cuku, mai sanyi, kuma manya masu furfura suna ci suna murna. Na sha tsayawa ina kallon burodin nan ina tuna tuwon Inna da miyar kuka har sai ya jiƙe a hannuna.

Kowa a kan keke yake, don haka ni ma na nema. Wani mutum mai fara'a ya tare ni kusa da tashar jirgin ƙasa ya sayar mini da wani, har ya kira ni ɗan'uwa. Ban gama koyon birkinsa ba wata tsohuwa ta tare ni a bakin kanti ta ce nata ne, ta nuna mini sunanta a ƙarƙashin sirdi. Ba ta yi ihu ba, ba ta kira ɗan sanda ba. Ta dube ni kawai, ta hau abinta ta tafi. Da ma ta zage ni. Daga nan na koma tafiyar ƙasa, cikin rigar Danyel, kamar buhun da ya yi ƙafa.

Farfesa ta girmi Innata. A kan keke take zuwa ita ma, gashinta a jiƙe. Ranar farko na rusuna zan gaishe ta, sai ta sunkuyo tana duba ƙasa, ta ɗauka wani abu na yar. Ta ce in riƙa kiranta da sunanta, Anelis. Na gwada ni kaɗai a ɗaki, harshena ya ƙi. Har na baro ƙasar Farfesa nake ce mata.

Aikin da ake yi a ɗakin, da ta zana shi a allo, sai na ga ai na san shi tun ina yawo babu wando. Ƙwayar halitta kamar gida ce. Sinadarin da ke kawo saƙo daga jini baƙo ne, ba ya shiga, a ƙofar zaure yake tsayawa ya yi sallama. Wani abu a bakin ƙofa ya ji, ya taɓa na bayansa, na bayansa ya taɓa na gaba, kamar yaran da ake aika cikin gida, har maganar ta kai turakar mai gida, shi kuma ya ce a yi kaza. Ba a ganin yaran nan da ido ɗaya bayan ɗaya. Don haka ake rubuta zato da lissafi: wa ke taɓa wa, da wane sauri. Sai a sa kwamfuta ta bi lissafin, ta zana layin abin da ya kamata a gani, a kwatanta da abin da ƙwayoyin suka yi.

Ƙwayoyinmu an gyara su yadda in saƙo ya shiga sai su yi haske kore. Abin da aka sani shi ne, in an zuba musu sinadarin aka bar shi, hasken yakan hau, sannan ya sauka, kamar tozon bijimi, alhali baƙon yana nan a ƙofa bai tafi ba. Me ya sa gidan ya daina amsawa? Zato biyu ake da su. Na farko ya ce ɗan aiken bakin ƙofa ne yake gajiya. Na biyu ya ce mai gida ne, in saƙo ya iso masa, yake aiko da umarni a daina saurare. An rubuta kowanne da lissafi, kuma kowanne yana zana tozon nan daidai. Babu mai iya cewa ga na gaskiya.

Ga kuma matsi. Ƙwayoyin suna da wuyar reno, sun fi jaririn bakwaini laulayi. Babbar na'urar da ake kallonsu da ita layi ake bi, kuma sau ɗaya layin zai zo kanmu kafin wa'adinmu ya cika. Gwaji ɗaya ke nan. Aikinmu ni da Lusiya shi ne mu yi amfani da lissafin mu gano wane gwaji ne zai sa zaton biyu su raba hanya, tun kafin a taɓa ƙwaya ko ɗaya.

Duk ranar Litinin ake zama. Zaman farko na ɗauka faɗa ya kaure. Farfesa tana magana wani ya katse ta, wani ya ce bai yarda ba. Lusiya, wadda ba ta fi ni shekaru ba, ta ɗaga hannu da burodi a ciki ta ce:

"Anelis, wannan layin ba daidai ba ne."

Na sunkuyar da kai ina jiran rufi ya faɗo. A makarantarmu da yanzu ana neman iyayenta. Farfesa ta yi dariya, ta miƙa mata alƙalamin allo, ta koma ta zauna a kujerar yarinyar. Na ce a raina, Allah sarki, an rasa mai tarbiyya a ɗakin nan, to ga ni na zo. Na tabbata kujerar tawa ce. Wa zai bar yaro mai ladabi ya ɗauki wannan?

A wani zaman Farfesa ta kawo nata tsarin gwajin. Ta ce a ƙara yawan sinadarin, a kuma riƙa auna hasken akai-akai. Na riga na gwada irin wannan a kwamfuta. Layukan zaton biyu kwanciya suke a kan juna kamar tagwaye a zane ɗaya, ko ka zuba sinadari bokiti guda. Gwajin ba zai gaya mana komai ba. Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau.

"Kamilu, kai me ka gani?"

Na dubi takalmana. "Daidai ne, Farfesa."

Ta ɗan jira. Sannan ta ce, "To," ta wuce kan wani batun.

Abin ya tsaya mini a rai. Ina tafiya cikin ruwa ina tunani, ina cin burodi ina tunani. Amsar ba daga littafi ta zo ba, daga shaiɗancina ta zo. Muna yara muna da wani wasa a unguwarmu. Sai mu je ƙofar gida, in kumbura murya in ce, "Salamu alaikum, ana sallama da mai gida," mu ɓuya bayan katanga. Gida biyu muka fi addaba. A gidan mai goro ɗan aiken wani yaro ne mai tumbi. In ya yi gudu ɗaya sai ya zauna yana haki. Ka sake sallama nan take, ko motsi ba zai yi ba. Amma ka bari ya huta, zai sake tashi. A gidan tela kuwa yara sun yi yawa, ba sa gajiya. Ka sake sallama nan take, wani zai sake rugawa. Amma da zarar tela ya fito bai ga kowa ba, ya koma ya kafa doka, to ranar ko hakimi ne ya zo sai dai ya gaji ya tafi.

Ashe ba yawan sallama ba ne, maimaita ta ne. A zuba sinadarin, a wanke shi, a sake zubawa. Wasu ƙwayoyin a sake musu nan da nan, wasu sai an jima. In gidan mai goro ne, za su ƙi amsa ta kusa, su amsa ta nesa. In gidan tela ne, za su amsa ta kusa, su ƙi ta nesa.

Na rubuta shi da lissafi, na sa wa kwamfuta. Layukan nan da suka ƙi rabuwa suka rabu, ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, kamar motar Maigatari da ta Gagarawa in sun bar tashar Gumel. Na tashi na yi rawa har na buga kaina da rufi. Lusiya ta gan shi a kwamfutata washegari tana wucewa, ta tsaya, ta ce, "Kai, wannan fa?" Na rufe da sauri na ce wasa nake.

Don murnar ba ta daɗe ba. In na kawo wannan a zaman Litinin, ma'anarsa na ce wa Farfesa tsarinta banza ne, a gaban yaranta. Ni da aka ce kada in zuba mata ido.

Mutum ɗaya nake da shi a garin da zan iya yi wa Hausa. Baba Isufu, mutumin Damagaram, yana aiki a wani shagon nama. Ranar da muka haɗu ina tsaye ne ina zagin wani barkono da ba shi da yaji ko kaɗan, da Hausa, a fili, sai na ji daga bayan kanta an ce, "Kai, ɗan wane gari ne mai zagin abinci?" Na kusa kuka. Tun daga nan duk Juma'a sai ya ajiye mini ƙashi mai ɓargo, ya ƙi karɓar komai, ya zaunar da ni a bayan shago mu sha shayi. Ya san Maigatari kamar tafin hannunsa, ya sha kai raƙuma can yana saurayi.

Na kwashe duka na gaya masa. Bai gane ƙwayoyin ba, amma ya gane matsalar.

"Ɗana, wannan ai ba wuya. A lakwal ɗin naku, makarantar nan, babu wanda take jin maganarsa?"

"Akwai yayana Danyel."

"To shi za ka aika. Ya same ta a keɓe, ya ce yaron nan ya ga wani abu amma yana jin nauyinki. Ita ta tsira da girmanta, kai ka tsira da ladabinka. Haka aka yi mu."

Haka kuwa aka yi mu. A gidanmu in ina son Baba ya canja magana, wurin Kawu nake zuwa. Kawu ya je ya ce, "Yaya, yaron nan fa ya kawo wata shawara." Ban taɓa jin an yi wata hanya ba.

Na sami Danyel a ɗakin shan shayi, na buɗe masa kwamfuta. Ya daɗe yana kallon layukan, har shayinsa ya huce.

"Me ya sa ba za ka gaya mata da kanka ba?"

"Ba zai yi kyau ba."

"Kana so ni in faɗa?"

"E. Kai ne babba."

"Ka tabbata?"

Na ce na tabbata. Ban ce ya ambaci sunana ba. Wa yake gaya wa ɗan aike haka? Ai shi ne aiken.

Ranar Litinin na sa rigata mai kyau a ƙarƙashin rigar sanyi. Ina jiran in ga alamar sun yi magana a keɓe, ta yi mini murmushi ko ta gyaɗa kai. Sai kawai Danyel ya miƙe, ya nufi allo, ya ce tsarin Farfesa ɓarnar ƙwayoyi ne. A gaban kowa. Ya zana zubawa biyu, ta kusa da ta nesa, ya zana layukana suna rabuwa.

Farfesa ta buga tebur da tafin hannu.

"Sai yanzu. Na ajiye muku ruɓaɓɓen tsarin nan a gabanku ina jiran in ga wa zai jefar da shi, har na fara fid da rai. Danyel, daga ina wannan ya zo?"

"A kan keke ya zo mini," in ji shi. Bai dubi inda nake ba.

Lusiya ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Yatsun da na ɗauka na bar su a Kano suka amsa. Ta sake takawa. Ina jin Farfesa ta ga motsin, don ta juyo.

"Kamilu, kana da abin cewa?"

Ina da shi. Yana nan a maƙogwarona da Hausa da Turanci, har da zane. Amma mutumin nan ya girme ni, ya ɗauki laifina ranar akwati, kuma rigarsa ce a jikina. In ce masa maƙaryaci a gaban malamarsa? In kuma buɗe baki in yabi kaina? Ni Rediyo, wanda aka taɓa kora daga masallaci saboda surutu, na nemi muryata na rasa.

"Yana da kyau, Farfesa."

Da aka tashi na same shi a rumfar ajiye kekuna yana kwance sarƙa.

"Yaya Danyel, ba ka ce ni na aiko ka ba."

Ya miƙe, ya dube ni daga can sama. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, gajiya na gani.

"Na tambaye ka, ka ce ba ka so. Ka ba ni. Shekaru nake a ɗakin nan ban sami abin da zan rubuta ba, Kamilu. Kai yaro ne, wasu dabarun za su zo maka."

"Aike ne. Ba kyauta ba ce."

"Ban san bambancin ba," in ji shi, ya hau kekensa.

Har yau ban sani ba ko ƙarya yake.

Layinmu ya zo, aka yi gwajin. Na tsaya a bayan mutane ina kallon allon na'urar. Aka zuba sinadari, ƙwayoyin suka kama haske, kore shar, kamar gonar gero bayan ruwan farko. Aka wanke, aka sake, a kashi uku: na kusa, na tsaka-tsaki, da na nesa. Ta kusa, suka ƙi amsawa. Na ce a raina, gidan mai goro. Da aka ɗan ba su hutu suka amsa. Amma waɗanda aka jima sosai kafin a sake musu, su ma suka yi shiru. Ashe gida ɗaya ne, ɗan aiken yana gajiya, mai gidan kuma yana kafa doka daga baya. Zaton biyu kowanne rabin gaskiya ya riƙe.

Ban taɓa ganin mutane suna murnar an ƙaryata su ba sai ranar. Aka kawo kek. Lusiya ko ɗanɗanawa ba ta yi ba ta hau allo tana haɗa lissafin biyu, tana musu da Farfesa a kan kowane layi. Ni aka miƙo mini yanka guda, na riƙe har ya narke.

A makonnin da suka biyo baya na zama kamar inuwa. In tafi, in zauna, in dawo. Na daina zuwa shagon Baba Isufu don kada ya tambaye ni. In Babana ya kira a waya, daga zaurenmu, ina jin kukan zakaru a bayansa, sai in ce komai lafiya. Ya ce, "Ka gaida malamar taka. Kana dai yi mata biyayya?" In ce ina yi. Wannan kam ba ƙarya ba ce.

Lusiya ce ta gaji da ni. Ita da muke neman kujera ɗaya. Wata rana ta kama hannun rigar nan mai lilo ta ja ni kamar tunkiya har ƙofar ofishin Farfesa, ta ƙwanƙwasa, ta tura ni ciki, ta rufe.

Babu hanyar gudu, sai na faɗa. Na fara da in'ina, idona a kan kafet. Farfesa ba ta ce ta yarda ko ba ta yarda ba. Ta ce in gaya mata yadda tunanin ya zo. Sai na ba ta labarin gidan mai goro da gidan tela. Ban san lokacin da batir ya shiga ba. Na kwaikwayi yaro mai tumbi yana haki, na kwaikwayi tela yana fitowa da almakashi a hannu yana duba hagu da dama. Ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Wannan ne karo na farko da wani a ƙasar ya ji Rediyo.

Da ta nutsu ta ce, "Na yarda da kai. Wannan labarin ba a kan keke yake zuwa ba. Zan yi magana da Danyel." Ta mayar da tabaraunta. "Ina kake duk watannin nan?"

"Ina nan, Farfesa."

"Sau biyu na tambaye ka a gaban kowa."

"A wurinmu ba a yi wa babba haka."

"In babba ya yi kuskure fa?"

"Sai a aika wani ya gaya masa."

"In wanda aka aika ya riƙe saƙon?"

Na ce garinmu ƙarami ne, kafin la'asar kowa ya ji.

Sannan ta gaya mini ba tare da kwana-kwana ba, yadda suke yi, cewa ta riga ta aika wa gidauniya sunan Lusiya, an kuma amsa. Ta ce ko da ba ta aika ba sai ta yi dogon tunani. Ta ce ita tana kuskure kullum, kuma gwaji yana da tsada, tana bukatar wanda zai tare ta kafin a zuba, ba bayan an wanke kwanuka ba. Ta ce kaina yana da kyau, kada in bar lissafi. Na yi godiya. Har na rusuna, ta sake duban ƙasa, sannan ta tuna.

Lusiya tana tsaye a waje. Ta ga fuskata, ta fara kuka, ni na koma ina ba ta haƙuri. Ta ce da ta sani da ta yi magana ranar, ba ƙafata za ta taka ba. Na ce ai ta taimaka, ta dawo mini da yatsuna.

Na je na yi wa Baba Isufu sallama. Da ya ji yadda aka yi sai ya ajiye wuƙa, ya zauna a kan kwali.

"Ni na ba ka shawarar nan."

"Baba, ai ita ce shawarar. Ko Kawuna ita zai ba ni."

"Shekaruna nawa a ƙasar mutanen nan," in ji shi, "ashe ban san su ba." Ya naɗe mini busasshen nama a takarda, ya raka ni har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba.

Rigar sanyin na ninke ta na ajiye a kan kujerar Danyel. Ba ya nan. Na ji daɗin hakan.

A Kano zafi ya karɓe ni hannu biyu. A motar Gumel na leƙa kaina ta taga, ga ɗumin nan da na kusa kashe ƙwayoyin mutane a kansa, kyauta, ko'ina, amma bai yi mini daɗin da na zata ba. Daga Gumel na hau babur zuwa Sule Tankarkar, na roƙi mai babur ya bi ta bayan gari. Ya bi ta gaban teburin mai shayi.

"Dokta ya sauka," in ji wani. "Dokta, a duba mana ciwon baya."

Na ɗaga musu hannu. Da ni ne a teburin, da abin da zan faɗa ya fi haka.

Na sami Baba a zaure yana gyara igiyar rijiya. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa ba a ɗauke ni ba. Bai tambayi dalili ba. Ya ci gaba da murza igiya, can ya ɗago.

"Ka yi wa malamarka rashin kunya?"

"A'a, Baba."

"Ka musa mata?"

"Ko sau ɗaya."

"To alhamdulillahi. Shiga ka gaida uwarka."

Lusiya tana can tana karatu. Rahoton binciken ya fito da sunan Danyel a gaba, nawa yana can ƙarshe cikin waɗanda aka yi wa godiya. Ni ina Gumel, ina taya Malam Sa'idu koyar da lissafi a ajin ƙanana, ina jiran jarrabawar shiga jami'a. Baba har yau bai san abin da ya faru ba.